Layar da Ke Wuyan Babur

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne masanin abin da hannaye suka aikata ko da masu hannayen sun manta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Na shafe fiye da shekara arba'in a zaurena a Birnin Kudu ina karantar da fikihu. Ana kawo mini tambayoyin gado da na aure da na jini, ina amsawa gwargwadon abin da na karɓa daga malamaina. Mas'alar da zan rubuta a nan ba mai tambaya ne ya kawo mini ita ba. Wani mai gyaran wayoyin babur ne ya ɗora mini ita a tafin hannu, a gindin darbejiya, da hantsin wata Laraba.

Ina da ɗa na fari, Allah Ya jiƙansa. A gidanmu, kamar yadda muka tarar da iyaye, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya miƙa masa abu hannu da hannu in akwai wanda za a aika. Ni da mahaifiyarsa "yaron nan" muke ce masa har ya yi gemu, ya yi aure, ya haihu. Na san wannan al'ada ce, ba addini ba, kuma na sha faɗa wa ɗalibaina haka. Amma harshena bai taɓa bin abin da na sani ba.

Sana'arsa awon riɗi ce. Yana shiga ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram yana saye a hannun manoma. Shekarar da Allah Ya buɗa masa sai ya sayi sabon babur, ja, ya kawo shi ƙofar gida. Ƙannensa suka kewaye shi, mahaifiyarsa ta leƙo ta koma, ni kuwa na ce Allah Ya tsare, ban ɗaga kai daga littafi ba. A zuciyata tsoro ne ya cika ni, domin na san yawan gawarwakin da na yi wa salla waɗanda titin nan ya kawo.

Na rubuta masa addu'o'in tsari a takarda, na naɗe, na kai wa baduku ya ɗinke a jar fata. Sai na rasa yadda zan ba shi. In na miƙa masa, na faɗi da hannu abin da ban taɓa faɗa da baki ba. In na aiki wani, gidan duka zai ji cewa Malam yana jin tsoro a kan ɗan farinsa. Layar ta yi mako guda a aljihuna.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, babur ɗin yana jingine a zaure, ɗalibai sun watse bayan azahar. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tanki, wajen wuyan babur, inda kan yake juyawa. Na ga wani damin wayoyi naɗe da baƙin salatif ya bi ta gefen ƙarfe. Wurin ya yi mini, domin ido ba ya kai masa. Na fara ɗaurawa da tsirkiyar fata, sai na tuna ruwan sama da zafin inji za su cinye ta. Na tashi na warwaro siririyar wayar ƙarfe daga jikin dangar bayan gida, na haɗa layar da damin wayoyin da ƙarfen wuyan, na murɗe da awartaki. Ni mutum ne mai tsananta ɗauri, duk wanda ya taɓa kwance gafakata ya sani. Na murɗa har sai da na ja layar na ji ba ta motsi. Na tofa addu'a, na koma kan buzuna ina jin daɗin da ban taɓa ji game da shi ba.

Bayan kamar wata takwas na jiyo shi a tsakar gida yana gaya wa mahaifiyarsa cewa babur ɗin ya fara wata ɗabi'a, yana tafiya sai ya ɗauke wuta, in an buga ya tashi kamar ba abin da ya faru. Na ji, na ci gaba da alwalata. Ban ga abin da ya haɗa maganarsa da ni ba.

A kan hanyar Gwaram akwai wata mararraba inda ake barin kwalta a karya hagu, a tsallaka titi, a gangara cikin burji. Wani dattijo mai sayar da rake a wurin shi ya ba mu labari. Ya ce yaron ya tsaya, ya duba gabas da yamma, ya karya kan babur ya shiga, sai injin ya mutu a tsakiyar titi. Yana ƙoƙarin buga kik ya tayar da shi babbar mota ta iso. Babur ɗin ya zame gefe, fitila kawai ta fashe. Shi kuwa ko asibiti ba a kai da shi da rai ba. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallarsa, kuma a cikin addu'a ma "bawanka" na ce. Direban muka yafe masa.

Da aka zo rabon gado matarsa ta ce ba za ta iya ganin babur ɗin ba, sai ya faɗo a rabona. Ya yi shekara biyu a zaure an rufe shi da tsohuwar tabarma. Ina karantarwa ina juya masa baya.

Daga baya wasu tsofaffin ɗalibaina a wani ƙauye na ƙasar Gwaram suka roƙe ni in riƙa zuwa musu karatu duk Talata. Motocin haya ba sa shiga ƙauyen, nawa babur ɗin kuma ya daɗe da ƙarewa. Na sa aka yaye tabarmar, bakanike ya sake mai da batir da fitila, ya wanke kabureta. Na sani tun kafin in hau cewa hanyar ƙauyen ta wannan mararraba take.

Talata ta farko na iso wurin da hantsi. Na tsaya, na duba titi, na yi basmala, na karya kai hagu. Injin ya yi shiru a tsakiyar kwalta. Ba tari, ba gargada, kamar wani ya miƙo hannu daga bayana ya murɗa makulli. Na sauka na tura shi zuwa ɗaya gefen. Na buga sau ɗaya ya tashi.

Talata ta biyu haka. Mai raken ya taso ya kama mini muka tura, ya ce, "Allah gafarta Malam, na gane babur ɗin nan. Wurin nan bai sake shi ba. Ko dai mai shi ne yake tsayar da shi?"

Na yi masa nasiha cewa mamaci yana inda Allah Ya ajiye shi, ba ya dawowa bakin titi. Na faɗi haka da muryar karatu, kuma gaskiya na faɗa. Amma a Talata ta uku, da injin ya sake mutuwa a daidai wurin, na tsinci kaina na waiwaya bayana ina duba kujera. A ranar karatun da na yi wa ɗalibai ban san me na ce ba.

Washegari na kai shi wajen mai wayarin, wato mai gyaran wutar babur, wanda yake aiki a gindin darbejiya kusa da tasha. Bafulatani ne mai kamar shekara hamsin, gashinsa ya fara fari. Mu kuma asalinmu Barebari ne, saboda haka duk inda muka haɗu sai ya tsokane ni.

Yana hango ni ya ce, "Yau kuma Babarbare ne a kan inji? Malam, ai da ka aiko, da na turo maka jaki. Shi ba ya son makulli."

Na ce, "Wanda ya bar saniya ya kama waya shi ne zai yi wa wani gori?"

Ya yi dariya ya shimfiɗa mini buhu a kan benci. Da ya juya ya dubi babur ɗin sosai, dariyar ta tsaya. Ya shafa tankin da bayan hannu. Ya tambaye ni abin da yake yi, na gaya masa. Ya jawo akwatin kayansa.

Na zauna ina kallon aikinsa, kuma na ga yana da tsari irin na mai warware mas'ala, yana kore abu ɗaya kafin ya je ga na gaba. Ya kwance filogi ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik, tartsatsi shuɗi ya fito. Ya ce ba nan ba ne. Ya ɗauko wani ƙwan fitila da ya liƙa wa waya biyu, shi ne ma'auninsa: inda wuta take ƙwan ya kama, inda ta yanke ya mutu. Ya gwada batir, ya gwada fis. Ya buɗe gidan makulli ya hura, ya kankare bakin wayoyin da wuƙa. Ya cire kujera ya bi kowane mahaɗi yana girgizawa. Ya duba kwail, abin da ke ba filogi wuta. Na lura ya koma ya sake gwada abubuwan da ya riga ya gwada, kuma hannunsa yana zagaye ko'ina ban da wuyan babur.

Na ce, "Ɗan Fulani, na ga kana kewaye-kewaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya a inda ya san ba ta nan."

Bai rama ba. Ya ɗora babur ɗin a kan jak, ya tayar da shi, ya bar injin yana aiki. Ya ce, "Malam, matso ka gani." Ya juya kan zuwa dama har ƙarshe, inji yana ta aiki. Ya dawo da shi tsakiya. Ya juya shi hagu a hankali, kafin ya kai ƙarshe injin ya yi shiru, irin shirun nan da na sani. Ya sake tayarwa, ya sake juyawa, ya sake mutuwa. Sau uku.

Ya ce, "Ba wurin ba ne, Malam. Kwanar ce. A mararrabar nan dole mutum ya tsaya cak sannan ya karya kai gaba ɗaya, ga gangara. A sauran hanya ba ka karya shi haka."

Ya kwance tankin ya ajiye a ƙasa. A nan layar ta bayyana, fatar ta yi baƙi da mai da ƙura, tana nan daram inda na bar ta. Wallahi har zuwa wannan lokaci ban tuna da ita a matsayin abin tuhuma ba. Nakan tuna da ita a matsayin addu'ar da Allah bai ga damar karɓa ta yadda na so ba.

Ya dube ni ya ce, "In yanke?"

Na ce ya yanke. Ya sa filaya ya datse wayar ƙarfen, ta faɗi a tafinsa a murɗe, ta yi tsatsa. Ya warware salatif ɗin da ke ƙarƙashinta. Wayoyi masu launi daban-daban suka fito, ya ware su da yatsa ya zaro wata baƙa mai farin zane a jikinta. Robarta ta yanke a zagaye kamar an yi mata kaciya, jan ƙarfen cikinta ya fito, gefen ya ƙone.

Ya ce, "Wannan ita ce wayar kashe inji. In ka murɗa makulli, aikinta kawai ta taɓa jikin ƙarfe, wuta ta zube, inji ya tsaya. To ɗaurin nan ya ci robarta a hankali. Duk sanda kai ya juya hagu, damin ya miƙe, ita ta taɓa wayar ɗaurin, wayar ɗaurin kuma tana manne da ƙarfen babur. Daidai yake da an kashe makulli."

Na tambaye shi, kuma na ji muryata ta koma irin ta alƙali: shin ba zai yiwu faɗuwar ranar hatsarin ce ta yanke robar ba, ya zama raunin ya zo bayan mutuwar, ba kafinta ba?

Ya daɗe yana juya wayar. Sannan ya ce, "Malam, ba zan iya rantsewa a kan rana ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, na san babur ɗin nan. Marigayi ya kawo mini shi mako biyu kafin abin, da wannan ƙorafin. Na bi duk inda ka ga na bi yau. Da na zo zan kwance tanki ya riƙe mini hannu. Ya ce, 'Kada ka taɓa nan. Baba ne ya ɗaura mini abu, yana zaton ban sani ba. In ka kwance ba za ka iya mayarwa yadda ya yi ba, zai gane.' Yana faɗa yana murmushi. Na ce masa ai laya ba ta kashe inji, na sake masa filogi, ya tafi. Ni ma shekara biyu ke nan ina tunanin tankin nan da ban kwance ba."

 Masu babura suna ta shigowa suna gaishe ni, ina ɗaga musu hannu. Shi kuma ya yanke wurin da ya lalace, ya haɗa sabuwar waya, ya narka dalma ya liƙe, ya naɗe kowace ita kaɗai sannan ya naɗe su gaba ɗaya, ya bar musu sarari su yi motsi. Ya mayar da tanki, ya tayar, ya juya kan hagu har ƙarshe ya riƙe shi a nan. Injin ya ci gaba da aiki. Ya goge layar da tsumma ya miƙo mini da hannu biyu. Da zan tafi bai tsokane ni ba, ni ma ban tsokane shi ba.

Kwana uku ina buɗe littattafai ina neman mafita. Na samu da yawa. Ban yi nufin cuta ba. Ajali ba ya gaba ba ya baya. Motar wani ce ta buge shi, ba hannuna ba. Shi kansa ya san da ɗaurin kuma ya hana a kwance. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya zama sanadi ba tare da ya aikata da kansa ba. Amma na tambayi kaina: da wani manomi ne ya zo zauren nan da wannan labari, me zan ce masa? Zan ce masa ya ɗauki mafi nauyi, ya yi kaffarar kisan kuskure, azumin wata biyu a jere, domin ya sadu da Ubangijinsa ba tare da shakka ba. Ban ga dalilin da zai sa in sassauta wa kaina abin da ba zan sassauta wa manomi ba.

Azumin bai ba ni tsoro ba, ko da yake na haura saba'in. Abin da ya ba ni tsoro shi ne mahaifiyarsa. Shekara biyu tana cewa Allah Ya bayar, Allah Ya karɓa, ta sami inda ta jingina zuciyarta. In na faɗa mata, na janye mata wannan majingini, kuma ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba bayan zaman shekara hamsin. Na yanke shawarar in yi azumin in yi shiru.

Da wata ya kama na fara. Ranar farko ta kawo koko na ce ina azumi, ta ɗauke. Ta biyu haka. A rana ta biyar, da hantsi, ta shigo zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta zauna a bakin ƙofa ta gyara lulluɓinta.

Ta ce, "Malam, yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba, ba tsakiyar wata ba. Kwana nawa za ka yi?"

Na iya yin shiru a kan abin da ba a tambaye ni ba, amma ban iya ƙarya ba. Na ce, "Wata biyu."

"A jere?"

"A jere."

Ta ce, "Shekara hamsin ina jin karatunka ta bayan katangar nan. Ba ka karya azumin Ramadan ba. Ba ka haramta ni a bakinka ba. Saura abu ɗaya. Wane ne?"

Na ciro layar da guntun wayar ƙarfen daga aljihu na ajiye a gabanta. Na ba ta labari tun daga ranar zazzaɓin har zuwa maganar mai wayarin, ban rage komai ba, har da murmushin. Ta ɗauki layar ta riƙe a tafinta tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Me ya hana ka miƙa masa a hannu? Da ya rataya a wuyansa."

 

Sai ta buɗe baki ta faɗi sunansa. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta faɗe shi a hankali, sau biyu, kamar mai kiran wanda yake ɗaki na kusa. Ta tashi da layar ta shiga gida.

Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai sallama. Abincin buɗa-baki yana zuwa a kan lokaci, a rufe, ta ajiye ta juya. A rana ta goma ta zo da kwano biyu ta zauna a gefen tabarmata har aka kira magariba, sai na gane ita ma ba ta ci komai ba tun safe. Na ce mata babu kaffara a kanta. Ta ce ta sani. Ta ce ita ma ta ji shi ranar da yake ƙorafin babur ɗin, abin da ta ce masa kawai shi ne ya tashi ya ba ta wuri tana tankaɗe. Muka sha ruwa. Ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma nemi ta faɗa ba. Ta yi azumin tare da ni har ƙarshe.

Layar tana wurinta, ban san inda ta ajiye ba. Har yanzu ana zuwa in rubuta wa mutane addu'a, ina rubutawa, amma a hannun mai ita nake sakawa, in ce masa kada ya ɗaura a jikin inji.

Duk Talata ina bi ta mararrabar. Mai raken yana cewa addu'ata ce ta saki wurin, na gaya masa waya ce aka gyara, bai yarda ba. Nakan tsaya, in duba titi, in karya kai hagu. Injin bai ƙara mutuwa ba ko sau ɗaya. Amma a daidai tsakiyar kwalta kunnena yana jiran shirun nan, kuma a nan nake faɗin sunan yaron, da ƙarfi yadda zan ji da kunnena, in roƙa masa rahama kafin taya ta taɓa burji.